Hoton Da Bai Kwana A Ƙasa Ba

Yaran yanzu in suka ji an ce zaɓe, sai su ɗauka bikin huluna ne da lasifika. Mu da muka ga gari ya kama da wuta saboda akwatin ƙuri'a, muka ratsa ta tsakiya muka fito da ƙafafunmu, ba a koya mana. Sufeto Yatsa-Uku namu ne, ɗan zamaninmu. A waccan tarzomar aka sare masa yatsu biyu na hannun hagu, ya yage rigarsa ya ɗaure wurin, ya ƙarasa aikin ranar a tsaye. Har yau ba a haifi wanda zai hana shi ba da labarin ba.

Zaɓe ya ƙarato, bangon kowa ya cika da hotuna. Ran nan da safe yana zaune a caji ofis, ya kai kofin shayi baki ke nan, sai Saje ya faɗo ciki ko hula babu.

"Yallaɓai, an yi kisa a ofishin jam'iyyar Tsani."

"Wa aka kashe?"

"Malam Tambaya."

Sufeto ya ajiye kofin. Kowa ya san Malam Tambaya. Tsohon malamin lissafi ne, jam'iyyar Tsani ta ɗauke shi ya auna mata farin jininta kafin a kaɗa ƙuri'a. Shi da ma'aikatansa sun bi gida-gida, sun shiga kasuwa, sun shiga tasha, tambayarsu biyu ce: wa za ka zaɓa, kuma me ya fi damunka? Daga nan ya samo sunan.

Kafin motarsu ta isa, matasan Tsani sun cika ƙofar ofishin, wasu da gora, wasu da guntun ƙarfe.

"'Yan Ƙararrawa ne! Yau sai mun ƙone su!"

Sufeto ya hangi ƙarshen layin. Ofishin jam'iyyar Ƙararrawa, abokiyar hamayyar Tsani, yana can ƙarshen wannan layin, a ƙasan wani bene. A saman benen kuwa 'yarsa ta fari take haya, da jariri a hannu. In aka cinna wa ƙasa wuta, matakala ɗaya ce tal.

Ya hau ɗakin da gawar take.

Kujeru a kife. An zazzage aljihunan tebur, an yage labule, fankar tsaye ta karye wuya. Malam Tambaya yana kwance rigingine, ƙeyarsa ta bugi kusurwar akwatin ƙarfe. Igiyar cajin kwamfutarsa tana lilo a jikin bango, kwamfutar babu. A bangon da ke kallon ƙofa an zana ƙatuwar ƙararrawa da jan fenti.

"Magana ta ƙare, Yallaɓai," in ji Saje. "Har hannu suka sa."

"Saje, tun kana goye nake kama masu kisa. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya bar mini adireshinsa ba."

Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana juyawa a hankali. Komai ya sauka ƙasa, har agogo. Abu ɗaya ne a mazauninsa: babban hoton ɗan takarar Tsani, yana rataye a ƙusa, a miƙe sak, yana murmushi. Gilashin hoton ya fashe. Sufeto ya durƙusa ya ɗan ɗaga kafaɗar mamacin. Guntayen gilashi ne a ƙarƙashinta.

"Gilashi a ƙasa, hoto a sama," ya ce.

"Me kenan, Yallaɓai?"

"Kada kowa ya taɓa shi. Zo mu sauka."

A ɗakin ƙasa suka sami Daraktan kamfe, wayoyi uku a gabansa, turarensa ya riga shi gaisuwa.

"Yaushe rabonka da Malam?"

"Jiya da rana. Na bar shi yana aiki."

"Me bincikensa ya nuna?"

"Mu ne a gaba mana! Fiye da rabin gari namu ne. Jama'a sun rungumi alkawarin gadar sama, ko'ina ka shiga zancenta ake. Shi ya sa 'yan hamayya suka kashe shi suka sace kwamfutar, don kada duniya ta ji."

"Sun ɓalle ƙofa?"

"Ban duba ba."

"Ni na duba. Lafiyarta ƙalau, ta fi ni lafiya. Su wa ke riƙe da makulli?"

"Ni, da shi marigayin, sai Mai Jaka. Maigadi kuwa tun jiya muka tura shi filin taro ya tsare kujeru."

"Taron me?"

"Yau da yamma dattawan jam'iyya za su zo daga hedkwata. Da Malam ne zai fara yi musu bayanin sakamakon, sannan a wuce fili."

Ana cikin haka ihu ya tashi a waje. Ɗan takara ne ya iso, wanda duk 'yan Tsani ke kira Maigida. Ƙaton mutum, amma yana shigowa yana haki, idanunsa jajur. A bayansa akwai wani siririn dattijo da baƙar jakar fata a hannun hagu, hannun dama cikin aljihu. Shi ne Mai Jaka. Tun ba a san Maigida ba yake biye da shi, shi ke buɗe masa mota, shi ke ɗanɗana masa ruwa.

"Sufeto," in ji Maigida, "mutumin kirki suka kashe mini. In ba ka kama su ba kafin taro, ni da bakina zan faɗa wa jama'a a kan mumbari. Abin da ya biyo baya kada a tambaye ni."

"Ranka ya daɗe, in ka faɗa, layin nan ba zai kai magariba ba."

"To ka hanzarta."

Sufeto ya juya ga dattijon. "Kai fa, baba? Jiya da yamma kana ina?"

"Ina gida wajen Maigida."

"Ka hau sama?"

"Ni da sama? Gwiwata ba ta yarda ba, Yallaɓai."

"Bar wannan," Maigida ya ce. "Ɗaki ɗaya muka tashi. Ko ƙuda ba ya iya kashewa, sai dai ya roƙe shi ya tashi."

Sufeto ya fita bayan ofis ya kira 'yarsa.

"Uwata, ɗauki yaron nan ki tafi gidan gwaggonki yanzu."

"Ta ina, Baba? Sun tare bakin layi ta sama da ta ƙasa. Na leƙa ta taga, har da jarkar fetur na gani. Mijina bai dawo daga tafiya ba."

"Rufe taga. Jiƙa bargo ki ajiye kusa."

"Da wane ruwan? Rabon famfonmu da ɗigo tun kafin in haihu." Ta yi 'yar dariya. "Ba kai ne kake cewa wuta ma ta san ka ba, in ta gan ka sai ta kauce?"

"Ta san ni mana. Ke ce ba ta sani ba. Rufe tagar."

Ya roƙi ƙarin 'yan sanda a waya, aka ce duk an kwashe su zuwa filin taro. Ya bar kurata biyu a bakin benen da 'yarsa take, ya ce wa Saje ya ja mota zuwa gidan mamacin.

Matar Malam Tambaya tana zaune a falo cikin mata, idanunta sun bushe. Da ta ga kaki sai ta tashi ta ja su zuwa ɗakin karatun mijinta.

"Allah ya ji ƙansa, baiwar Allah. Ya taɓa gaya miki abin da ya gano?"

"Kullum. Ni yake fara gwada wa bayani kafin ya kai wa manya."

"An ce Tsani ce a gaba."

Ta dube shi kamar ya zage ta. "Wa ya ce? Da can ne. Yanzu ta koma ta uku. Mata kuwa, ya ce in ka tara goma da ƙyar ka sami ɗaya. Ya ce duk ƙofar da suka buga, amsa ɗaya ce: ruwa. Bayan ruwa maganin asibiti, bayan shi tsadar abinci, sai aikin yi ga yara. Gadar sama ko mutum ɗaya bai ambace ta ba. Wata tsohuwa ma ce musu ta yi, in an gina gadar a sa mata famfo a kai."

"In dattawa suka ji wannan fa?"

"Ya ce za su sa Maigida ya janye wa wani. Sun riga sun fara maganar ƙawance, sakamakon kawai suke jira."

"Wani ya tsorata shi?"

"Darakta ya yi masa ihu a waya. Wannan bai dame shi ba. Wanda ya dame shi, wani ne da ya zo shekaranjiya. Ban ga fuskarsa ba, ina kicin. Ba faɗa ya zo yi ba, kuka ya zo yi. Muryar dattijo. Yana cewa, Malam ka ce mun ɗan sauka, kada ka ce mun faɗi, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Har ƙasa ya durƙusa, na ji wani abu ya yi kacau-kacau, kamar ƙwayoyin magani a kwalba."

"Me Malam ya ce?"

"Ya ce, baba, mutane sun buɗe mini ƙofa sun gaya mini ƙishinsu. Ba zan je in ce sun ƙoshi ba."

Nan hawayen suka zo mata. Sufeto ya sa hularsa.

A mota Saje ya ce, "Darakta ya yi mana ƙarya ke nan."

"Ya yi. Amma kowa a ofishin nan ƙarya yake ci yake sha. Ba maƙaryaci nake nema ba. Taka motar."

Sun tarar da matasan ƙofar ofishin Tsani sun ninka. An fara buga gora a ƙasa tare, ana kiran sunan Malam Tambaya, mutanen da jiya ko ruwa ba za su ba shi ba. An riga an ɗauke gawar. Sufeto ya ce a hawo masa da mutum uku: Maigida, Darakta, da Mai Jaka. Dattijon ya hau matakalar yana bayan Maigida, gwiwar nan ba ta ce uffan ba.

"Darakta," in ji Sufeto, "faɗa wa Maigidanka matsayin jam'iyyarsa."

"Na riga na faɗa maka..."

"Na fito daga wajen matar mamaci. Faɗa masa, ko ni in faɗa da irin bakina."

Darakta ya share goshi. "Ta uku, ranka ya daɗe."

Maigida ya dafa tebur. "Ta me?"

"Mutane ruwa suke so. Gadar... gadar shawarata ce, shi ya sa na kasa gaya maka. Amma wallahi ban taɓa Malam ba! Na yi masa faɗa na tafi."

"Za mu gani," in ji Sufeto. "Saje, sauko da hoton can. Yana tare mini bango."

Saje ya ciro hoton. Sufeto ya karɓa da yatsunsa uku, kamar bai riƙe da kyau ba, ya sake shi ya faɗi ƙasa, fuskar Maigida a cikin ƙura da guntayen gilashi. Bai ko kalle shi ba. Ya ce wa Darakta ya matso kusa da taga ya nuna masa inda ya ajiye motarsa jiya. Darakta ya tsallake hoton ya wuce. Shi kansa Maigida bai lura ba, yana can yana maimaita "ta uku" a ƙarƙashin numfashi.

Sufeto ya ja da baya yana magana, diddigen takalminsa ya nufi fuskar hoton.

"Kai! Kai! Yallaɓai!"

Mai Jaka ne. Ya yar da jakar, ya zube ƙasa, ya fizge hoton daga ƙarƙashin takalmin da hannu biyu. Ya hure ƙurar, ya goge goshin Maigida da hannun rigarsa, ya miƙe ya rataye shi a ƙusa, ya ja baya ya duba, ya ƙara daidaita gefe ɗaya.

Sai da ya juyo ya ga kowa shi yake kallo. Hannun daman da ya wuni a aljihu yana waje, babban yatsan naɗe da tsumma, jini ya ɓullo.

"Haka ka yi jiya," in ji Sufeto a hankali.

"Murfin mota ne ya datse ni."

Sufeto ya sake ciro hoton, wannan karon da ladabi, ya juya bayansa. Igiyar ta tsinke an ƙulla ta. A jikin katakon akwai shatin babban yatsa, na busasshen jini.

"Murfin mota bai hau bene ba, baba. Kun yi kokawa, hoto ya faɗi ya fashe, Malam ya faɗi a kan gilashin. Ka kife kujeru, ka yage labule, ka ɗauko fenti ka zana ƙararrawa. Duk ka iya. Amma ɗan Ƙararrawa in ya ga hoton nan a ƙasa, taka shi zai yi, ya tofa masa yawu. Darakta ma da yake cin abinci a inuwarsa, tsallake shi ya yi. A duk garin nan mutum ɗaya ne ba zai iya rufe ƙofa ya bar fuskar nan ta kwana a ƙasa ba."

Daga waje bugun gora bai tsaya ba.

Maigida ya ce, "Ɗan'uwa, ce masa ƙarya ne."

Mai Jaka ya zauna a ƙasa.

"Na ce maka zan je in sayo maganinka," ya ce wa Maigida. "Nan na zo. Roƙon Malam na dawo yi. Ya ce a'a, ya rufe kwamfutar zai tafi. Na riƙe ta, ya riƙe. Ban san ina da ƙarfi haka ba. Na ture shi, shi ke nan, bai ƙara motsi ba." Ya ɗaga kai. "Likita ya ce kada a tayar maka da hankali. Ka sayar da gonar babanmu, ka sayar da gidan can, tun muna da baƙin gashi kake jiran wannan zaɓen. Dattawa su zo su ce ka janye a gaban jama'a? Da ka faɗi ka mutu a wurin."

"Shi ya sa ka zana ƙararrawa," in ji Sufeto, "a je a ƙone mata da yara a madadinka."

"Ban yi tunanin wuta ba. Wallahi shi kaɗai na tuna."

"Na sani. Shi ne laifin. Ina kwamfutar?"

"Na jefa ta a tankin ruwa na bayan ofis, don ta jiƙe ta mutu."

Saje ya sauka da gudu. Ba a jima ba ya dawo da ita a hammata, ta lotsa a gefe, ƙura ta rufe ta. Ya danna, ta kawo haske.

"Yallaɓai, tankin a bushe yake ƙayau. Har gizo-gizo ya yi gida."

Mai Jaka ya buɗe baki. A gidan Maigida yake kwana, inda injin rijiya ke aiki dare da rana. Bai taɓa sanin ofishin jam'iyyarsu ma sayen ruwa yake a jarka ba.

"Ka ji abin da Malam ya so ya gaya muku," in ji Sufeto. "Sa masa ankwa."

Kafin Saje ya kama hannunsa, dattijon ya ɗauki jakar ya miƙa wa Maigida.

"Farar ƙwayar bayan ka ci abinci. Jar kuwa sai za ka kwanta. Kada ka haɗa su."

Maigida ya karɓa ya rungume ta a ƙirji. Ya lalubi bakinta, bai san ta inda ake buɗewa ba.

"Mu fita ta baya, Yallaɓai," in ji Saje. "Za su yayyaga shi."

"Ta gaba. In ba su gan shi da idonsu ba, benen can za su tafi."

Sufeto ne ya fara fita. Ya tsaya a kan dakali ya ɗaga hannun nan mai yatsa uku, har sai da gorar ƙarshe ta daina bugu.

"Kun ga hannun nan? Kakanninku ne suka yi mini, a rana irin ta yau, kuma ga ni ina tsaye, su suna ina? Kuna neman wanda ya zana ƙararrawa. Ga shi."

Aka fito da Mai Jaka. Babu wanda bai san shi ba a cikinsu. Shi ke raba musu huluna, shi ke shigar musu da koke wajen Maigida.

"Ƙarya ne!" wani ya yi ihu daga baya. "Sharrin 'yan sanda ne!"

"Ni ne, 'ya'yana," in ji dattijon. "Ku koma gida. Ni ne."

Suka ɗaga kai sama. Maigida yana tsaye a taga da jaka a ƙirji, bai musa ba. Mai riƙe da jarkar fetur ya ajiye ta a hankali a gefen kwata, kamar ba shi ya kawo ta ba. Hanya ta buɗe har bakin mota.

Sai da Sufeto ya ga an rufe ƙofar sel, sannan ya taka da ƙafa zuwa ƙarshen layin, ya hau matakalar nan guda ɗaya. 'Yarsa ta buɗe, jaririn yana barci a kafaɗarta, busasshen bargo yana ninke a bakin ƙofa.

"Ban gaya miki ba?" ya ce. "Wuta ta hango ni ta canja hanya."

"Na gani, Baba. Sannu da aiki." Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta jawo jarkoki biyu. "Tunda ka zo, motar ruwa ta tsaya a bakin layi. In ba a yi sauri ba ƙarewa yake."

Ya ɗauka, ɗaya da yatsa biyar, ɗaya da uku. Ya sauka ya shiga layi da kakinsa, a bayan matan unguwa, ya gyara murya ya fara ba su labarin ranar da aka sare masa hannu.

"Mun ji, Baba Sufeto," in ji ta gabansa. "Matsa gaba, layi ya tafi."